Leah da Maganar Bakin Kabari

Wanda ya shiga kasuwar Zuru ta layin 'yan hatsi zai ga wata doguwar mata tana awon dawa da tiya. Ba ta kiran ciniki, sai dai ciniki ya same ta. Sunanta Leah, mu a unguwa Maman Joyce muke ce mata. Katangarmu ɗaya da gidanta, kuma ina cikin dattawan cocin da take zuwa. Mafi yawan abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, sauran kuwa ita da maƙwabciyarta ta kasuwa suka ba ni da bakinsu.

'Yar soja ce. A bariki aka haife ta, sai da mahaifinta ya ajiye kaki suka dawo ƙauyensu a gindin dutse. Tun tana yarinya take da riƙon magana. Waƙa sau ɗaya za ta ji ta riƙe, shi ya sa har yau ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. A gidan soja kuwa akwai kalmomin da yaro ba ya tashi da su a baki, ɗaya daga ciki ita ce “na gaji”.

Mijinta Dominic da fartanya ya same ta. A wajenmu saurayi yakan yi golmo, wato shi da tsararrakinsa su yi shekaru suna noma gonar uban yarinya kafin a ba shi ita. A can ake gane namiji. Wanda ya miƙe ya dafe ƙugu kafin a kai ƙarshen kunya, 'yan mata za su sa shi a waƙa. Dominic bai taɓa shiga waƙa ba. Cikin ƙungiyar tasu akwai wani Ebenezer, kunyarsa na kusa da ta Dominic, tare suke sunkuyawa tare suke ɗagowa. Bayan aure Dominic ya shiga soja ya koyi gyaran inji, daga baya ya fito ya dawo gida. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Joyce, Success da autansu Solomon.

Shekarun da wayar hannu ta iso mana, aka kakkafa dogayen turakun ƙarfe a kan tuddai, kowane turke da janaretansa a ƙasa. Wani kamfanin kwangila ne ke kula da injinan daga Zuru zuwa Mahuta har Bena. Ebenezer ya samu shugabancin yankin, sai ya kira abokin golmonsa. Da farko su uku ne masu gyara. Ba a jima ba kamfani ya sallami biyu, ya bar Dominic da babur da waya a aljihu. Injin Mahuta ya tsaya, waya ta yi ƙara. Kafin ya wanke hannu na Bena ya tsaya, waya ta sake. Idan sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, daga sama a kira Ebenezer a zage shi, shi kuma ya kira Dominic. Ta kan katanga nakan ji wayar nan, har jikata ta koyi kukanta tana yi da baki.

Damina biyu ana haka. Dominic ya rame, idanu suka yi ja, ya riƙa jiƙa tsumma yana ɗorawa a ƙeya. Idan na ce, “Baban Joyce, ina gajiya?” sai ya yi dariya ya ce, “Ba gajiya, Baba.” Leah ta matsa masa ya je asibiti. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ya kwanta ya huta. Ya kwanta. Ban ce ya daɗe a kwance ba.

A daminar 2006, wata ranar da rana tsaka, Maharazu mai gadin turken Bena ya zagaya ya tarar da shi a kife kusa da inji, sifana a hannu. Injin na ta aiki lafiya lau.

A jana'izarmu, kafin a rufe kabari, akan ba mutane dama su yi shaida a kan mamaci. Dangi su faɗi nasu, coci ta faɗi nata, wurin aiki su faɗi nasu. Da aka zo kan kamfani, Ebenezer ya fito yana hawaye. Bai ɗauko takarda ba, bai yi Turanci ba. Ya fara da yarenmu na C'lela, ya juya Hausa don baƙi su ji.

Ya ce, “Jama'a, yau mun binne namiji. Aikin mutum uku na ɗora masa, bai taɓa ce mini ya yi yawa ba. Tun da ya fara bai ɗauki hutu ba, Lahadi ma sau da yawa daga ƙofar cocin nan nake ɗauke shi. Ya zo ya same ni ya ce likita ya ce jininsa ya hau, ya kwanta. Na ce, ɗan'uwa, in ka kwanta ni za a kora. Ya tashi ya hau babur. Irin mazan da golmo ke fitarwa ke nan!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Tsofaffin sojoji suka gyaɗa kai, wani ma ya sara wa akwatin. Haggai, wan marigayi, ya rungume Ebenezer. Kowa ya koma gida yana cewa an yabi Dominic yadda ya dace. Leah ma ta gaya mini ranar zuciyarta ta yi sanyi.

Bayan an share makoki dangi suka zauna. Haggai manomi ne, mutum mai gaskiya, kuma ba mugunta ta kawo shi ba. Ya duba ya ga gidan haya ne, ga yara uku a makaranta, ga tiyar dawa.

Ya ce, “Matarmu, ba za ki iya ba. Joyce ta tafi Kaduna wurin gwaggonta a bariki. Success ya biyo ni ƙauye. Solomon ya zauna da ke tunda shi ƙarami ne.”

Leah ta ce, “Yaya, a tabarma ɗaya suke kwana.”

“A tabarma ɗaya muka kwana da ubansu, ga shi ya tafi ya bar ni.”

“Ku ba ni zuwa kaka.”

Ya ce, “Zuwa kaka. In an shigar da dawa zan zo da mota.”

Ta je ofishin kamfanin ta tambayi hakkin mijinta. Suka karɓe ta da mutunci, suka ba ta kujera da ruwan sanyi. Suka ce sun aika da shinkafa ranar makoki. Suka ce ciwonsa ne ya kashe shi, ciwon da su ba su san da shi ba, kuma aikinsa bai fi na kowa ba. Ebenezer na zaune a gefe, idonsa na kan takalminsa.

A kasuwa maƙwabciyar rumfarta Indo ce, mai daddawa da kuka, wadda bakinta ba ya hutawa. Ta ga Leah ta auna wa wani tiya ta manta ta karɓi kuɗi, sai ta ce, “Ke ɗiyar soja, in sadaka kika fara, ni ma ga buhuna.” Da ta ji labari sai ta ajiye wasa. Ta ce ɗan wanta Lukuman lauya ne a Birnin Kebbi.

Leah ta ce, “Ni da kotu, Indo? A gidanmu ba a taɓa kai ƙarar kowa ba.”

“To a gidanku an taɓa raba ɗiya kamar kason daddawa? Tashi mu tafi. In ya yi miki tsada ni na yi masa wanka yana jinjiri, zan tuna masa a gaban mutane.”

Suka hau ƙaramar bas suka tafi. Lauya Lukuman matashi ne mai natsuwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya shimfiɗa mata hanyoyin a fili. Ya ce akwai dokar diyyar ma'aikata, amma ta fi sanin wanda inji ya yanke ko wanda ya faɗo daga sama. Mutuwar gajiya da matsin aiki sai an yi da gaske kafin a shigar da ita, kuma akwai wa'adi, ba a jinkiri. Ya ce iyalan mamaci suna iya kai ƙara babbar kotu a kan sakaci, cewa kamfani ya san mutum na cikin haɗari ya ci gaba da tura shi. Wannan tana da ƙarfi amma takan ci shekaru. Ya ce akwai kuma ofishin ƙwadago, inda ake kiran ɓangarorin biyu a zauna a nemi sulhu, kuma kamfanin da ya ga ƙara na tafe yakan fi son a gama a can.

Leah ta ce, “Ni zuwa kaka gare ni.”

Ya ce, “To mu fara da zama, mu riƙe ƙara a hannu. Amma Mama, duk hanyar da muka bi, abu ɗaya za a tambaye mu. Likita zai faɗi ciwo. Wa zai ce kamfani ya sani? Ma'aikatansu ba za su yi magana ba, suna tsoron bakin abincinsu. Akwai wanda ya taɓa jin wani babba a cikinsu ya faɗa da bakinsa?”

Indo ta ce a nan Leah ta sunkuyar da kai har ita Indo ta ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ga tana motsa leɓe kamar mai tuno waƙa.

Ta ce, “Mutum nawa kake so?”

“Ko biyu sun isa.”

“Coci guda fa?”

Ta maimaita masa shaidar Ebenezer daga farko har ƙarshe. Lauya ya ajiye alƙalami ya tambaya ko an ɗauka a bidiyo. Ta ce mai bidiyon batirinsa ya mutu tun ana waƙar farko. Ya tambaya, da mutumin ya faɗi haka, me jama'a suka yi.

Ta ce, “Guɗa muka yi.”

Indo ta tafa hannu ta ce, “Ku dai mutanen dutse sai Allah. Mutum ya tsaya ya ce ni na kashe shi, ku ce ayyururui!”

Lauya ya ce shaidar waɗanda suka ji tana da amfani, amma in mutumin da kansa ya maimaita, an gama rabin aiki.

Da ta dawo ba a yi mata guɗa ba. Dattawan coci suka ce maganar bakin kabari ta kabari ce, ba a ɗaukar ta a kai gaban hukuma, in an fara haka gobe ba wanda zai yarda ya yi shaida a kan gawa. Maganarsu ba ta rasa nauyi ba. Haggai ya zo daga ƙauye ransa a ɓace.

Ya ce, “Abu ɗaya ƙanena ya bari, sunansa. Yanzu za ki je ki ce aiki ya fi ƙarfinsa? Ki ce ya kasa?”

Ta ce, “Yaya, ban ce ya kasa ba. Bai kasa ba, shi ya sa ya mutu.”

Ya sha ruwa ya hau kekensa.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada ta leƙo ta kan katanga ta ce, “Baba, ka raka ni gidan Ebenezer. Ba sai ka ce komai ba.” Mace mai takaba ba ta shiga gidan namiji ita kaɗai, don haka na ɗauki sandata. Muka same shi a ƙarƙashin mangwaro, waya a kan cinya. Ya ba mu kujeru, aka gaisa, aka tambayi yara.

Ta ce, “Abokin golmo, tambaya ɗaya na zo da ita. Abin da ka faɗa a kan kabari, gaskiya ne?”

Ya ce, “Maman Joyce, kin san halin da nake ciki. Ina da yara ni ma.”

“Na sani. Ban zo faɗa ba. A ofis an ce ba ku san yana ciwo ba, kuma aikinsa kamar na kowa ne. A kabari ka ce aikin mutum uku ya yi, ka ce daga kwanciya ka tashe shi. Success ya haddace maganarka, yana faɗa wa abokansa a makaranta. In ta ofis ce gaskiya, ka zo gida ka zaunar da su ka ce musu ƙarya ka yi, ubansu ma'aikaci ne kamar kowa. Ni ba zan iya gaya musu ba. In ka yi haka na bar maganar.”

Wayar ta yi ƙara a cinyarsa. Ya dubi wayar har ta gaji ta daina ƙara. Mutumin da bai yi golmo ba, shi zai ga hanyar fita a buɗe take, kalma biyu ce kawai. Amma Ebenezer ya yi shekaru yana kallon gadon bayan Dominic a kunyar da ke kusa da tasa.

Ya juyo gare ni ya ce, “Baba, kai me ka gani?”

Na ce, “Kunnena ya yi nauyi, ɗana, amma ranar ina tsaye kusa da kai.”

Muka yi sallama, ta gaya masa za a kira zama a ofishin ƙwadago. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. A hanya na tambaye ta ko tana ganin zai zo. Ta ce, “Zai zo, Baba,” kamar mai faɗin farashin dawa.

Aka sa ranar zama a ofishin ƙwadago a Birnin Kebbi, lokacin dawa ta fara ja a gona. Ni da fasto da mata biyu na zumunta muka bi ta, Indo kuma ta ce ko ba a gayyace ta ba kujerarta na nan. A tasha muka tarar da Haggai da hularsa ta zuwa coci. Bai dubi Leah ba, ya ce shi dai zai je ya ji abin da za a faɗa a kan ƙanensa.

Kamfani ya zo da lauyansa da wani babba daga hedikwata, da Ebenezer a tsakiyarsu. Lauyansu ya yi magana mai tsawo a kan ajali da hawan jini, ya ce a jana'iza kowa yakan ƙara gishiri don a sanyaya wa iyali zuciya. Sannan ya juya ya ce, “Malam Ebenezer, ka tabbatar wa jami'in ƙwadago cewa abin da ka faɗa yabo ne kawai irin na al'ada.”

Ebenezer ya miƙe tsaye, ko da yake an ce ya zauna. Ya haɗa hannu a baya.

Ya ce, “Yabo ne, ranka ya daɗe. Amma a wajenmu ba a yabon mutum a kan kabari da abin da bai yi ba.” Sai ya sake faɗin shaidar kamar yadda ya faɗa ranar jana'iza, aikin mutum uku, rashin hutu, likita, babur. Ya ƙara abin da bai faɗa a kabari ba: sau da yawa ya roƙi na sama su ƙaro ma'aikata, suka ce wanda ke akwai ai yana iyawa.

Wannan karon ba wanda ya yi guɗa. Haggai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Babban da ya zo daga hedikwata ya raɗa wa lauyansa magana, suka nemi a ba su ɗan lokaci su fita waje. Lauya Lukuman ya rufe jakarsa a hankali, ya ce wa Leah kada ta amsa tayin farko. Ba ta amsa ba. An sake zama kafin a daidaita, kuma abin da aka sa wa hannu ya ce mutuwar ta faru a bakin aiki. Nawa aka bayar ban tambaya ba. Na dai ga mai gidan haya ya daina zuwa, daga baya na ji gidan ya zama nata.

Kamfani bai kori Ebenezer a take ba, sai da aka kwana biyu aka ce an rage ma'aikata. Yanzu yana da rumfa a ƙarshen kasuwa, yana gyaran janareta da injin niƙa. Wasu 'yan coci sun daɗe ba sa amsa gaisuwar Leah da kyau, suna cewa ta jawo wa Ebenezer asara, shi ma mai yara. Ta san suna faɗa. Duk mai injin da ya zo sayen dawa takan nuna masa rumfar Ebenezer. A yankin kuma kamfani ya mayar da masu gyara uku.

Da aka shigar da dawa Haggai ya zo da mota kamar yadda ya ce, wata a-kori-kura ta Lawwali direba. Yaran na jin tsayuwarta suka shige ɗaki suka turo ƙofa. Leah ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya ce wa direba ya buɗe baya. Buhunan dawa ne daga gonar gado, rabon Dominic.

Ya ce, “Matarmu, ina mazan gidan? Su fito su kama, ni bayana ya fara ciwo.”

Ban taɓa jin Haggai ya ambaci bayansa ba sai ranar. Yaran suka fito ɗaya bayan ɗaya suna leƙen motar. Aka sauke kaya, aka ci tuwo, Lawwali ya ja motarsa ba kowa a baya.

Joyce ta gama sakandare a nan Zuru, daga ɗakin da ta tashi a ciki. Leah na nan a layin 'yan hatsi. Wani lokaci za ka ga wata mata da baƙin ɗankwalin takaba ta zauna a bencinta ba ta sayen komai, suna magana ƙasa-ƙasa, Indo na kora musu masu kasa kunne. Daga nan sai a ji matar ta hau bas ɗin Birnin Kebbi wurin lauya. A jana'iza kuwa, idan aka kira wakilin wurin aiki, Leah takan bar sahun mata ta matso gaba kaɗan. Na lura wakilan kamfanoni yanzu da takarda suke zuwa, kuma ba sa daɗewa a tsaye.